Cire Kadmiyam da Sauran Ƙarafa Masu Guba Daga Asid Ɗin Fosforik: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu gauraya takin zamani, da ɗaliban kimiyyar sinadarai, da manoman dankalin turawa na Bokkos da Mangu, da masu lambu a kewayen Jos. Amsoshin sun fi karkata ga kadmiyam da arsenik, domin su biyun ne suka fi ba masana'anta ciwon kai.

Me ya haɗa takin zamani da ƙarfe mai guba tun farko?

Dutse ne ya haɗa su. Duk takin da yake ɗauke da fosfaras, supa ne ko DAP (takin fosfat mai amoniya) ko kamfa (NPK), asalinsa dutsen fosfat ne da aka haƙo. Mafi yawan fosfat ɗin duniya, irin na Maroko da Togo da Senegal da Tunisiya, a ƙarƙashin tsohon teku ya taru, kuma yana taruwa yana kwasar kadmiyam da yuraniyam. Ƙwayar kadmiyam kusan girmanta ɗaya da ta kalsiyam, don haka sai ta zauna a gurbin kalsiyam a cikin ginin dutsen kansa. Shi ya sa wanki da tankaɗe da ake yi wa dutsen a bakin mahaƙa suke fitar da yashi da yumɓu, amma su bar kadmiyam a inda yake.

Fosfat ɗin da ya fito daga narkakken dutse na cikin ƙasa, kamar na Kola a Rasha da na Phalaborwa a Afirka ta Kudu, kadmiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Sai dai irinsa ba shi da yawa a duniya, ba zai wadatar da kowa ba.

Arsenik kuwa ta ƙofa biyu yake shigowa: ta dutsen, da kuma ta salfurik asid, musamman wanda aka yi daga hayaƙin narka ma'adinai.

Yaya ake yin asid ɗin fosforik daga dutsen, kuma ina kowane ƙarfe yake tafiya?

Ana niƙa dutsen, a zuba shi a manyan tankuna masu maburgi tare da salfurik asid, wato irin ruwan batir amma mai ƙarfi ƙwarai. A hanyar da aka fi bi, zafin tankin yana tsayawa tsakanin digiri 70 da 80 na ma'aunin Salshiyas. Abu biyu ne suke fitowa: asid ɗin fosforik mai ƙarfin P2O5 (ma'aunin yawan fosfaras a asid da taki) kashi 26 zuwa 30 cikin 100, da jibsam, farin kunu mai kauri da ake tacewa a kan matata. Duk tan ɗaya na P2O5 yana barin kusan tan biyar na jibsam. Daga nan a dafa asid ɗin a ƙafar da ruwansa har ya kai kashi 52 zuwa 54, wanda shi ne ake sayarwa ko a haɗa da amoniya a yi DAP.

A kan matatar nan ake rabon gado. Dalma tana haɗuwa da salfet ta zama abin da ba ya narkewa, sai mafi yawanta ta bi jibsam. Radiyam ma jibsam yake bi. Kadmiyam kuwa kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 asid yake bi, haka ma mafi yawan yuraniyam da arsenik da tutiya da jan ƙarfe. Dafa asid ɗin ba ya rage su ko kaɗan, ruwa ne yake tashi ya bar su a ciki.

Supa ta bambanta. Ita dutse ne kawai aka jiƙa da salfurik asid aka bari ya nuna, babu tacewa. Duk abin da yake cikin dutsen yana cikin buhun.

Mu da ba ma yin asid ɗin a nan, ina ruwanmu?

Ruwanmu har wuya. Yuriyar da ake yi a Fatakwal da Legas daga iskar gas take fitowa, ba ta da fosfaras, don haka ba ta cikin wannan magana. Amma fosfat ɗin da ake zubawa a kamfa shigo da shi ake yi. Tun da aka fara shirin samar da taki na shugaban ƙasa a ƙarshen 2016, DAP daga Maroko ake kawowa, a gauraya shi a nan da yuriya da fotash da ƙwayar farar ƙasa a fitar da NPK 20-10-10. Kafin nan akwai masana'antar supa ta Kaduna da ta fara aiki a 1976 da dutsen Togo. Muna kuma da namu fosfat ɗin a yankin Dange ta jihar Sakkwato da kuma jihar Ogun, kuma duka na tsohon teku ne. Ranar da aka ce za a sarrafa su da gaske, tambayar kadmiyam ita ce za ta fara yin sallama.

To nawa ne ya yi yawa?

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne na Tarayyar Turai. Dokarta ta 2019, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2022, ta tsayar da miligiram 60 na kadmiyam a kowane kilo na P2O5. Wanda takinsa bai wuce miligiram 20 ba yana iya rubuta cewa mai ƙarancin kadmiyam ne.

A kula da kyau: a kilon P2O5 ake lissafi, ba a kilon taki ko kilon asid ba. Nan mutane da yawa suke zamewa. Idan takarda ta ce asid mai ƙarfin kashi 54 yana da miligiram 20 a kilo, raba 20 da 0.54, ka sami 37. Idan dutse mai P2O5 kashi 30 yana da miligiram 20 ɗin nan, raba da 0.30, ka sami kusan 67. Lamba ɗaya ce a takarda, amma ɗaya ya tsallake, ɗaya ya faɗi.

A gona kuma ga yadda abin yake. Buhun DAP mai kilo 50 yana da kilo 23 na P2O5. In yana daidai kan iyakar 60, akwai giram 1.38 na kadmiyam a cikinsa. Buhu shida na kamfa 15-15-15 a hekta ɗaya kilo 45 ke nan na P2O5, wato giram 2.7 a shekara. Ƙasar saman hekta ɗaya, mai zurfin santimita 20, ta haura tan 2,500. Saboda haka shekara ɗaya ba ta nuna komai a awo. Matsalar ita ce kadmiyam ba ya ruɓewa, na bana a kan na bara yake zama.

Me yake yi wa jikin mutum?

Yana taruwa a ƙoda, kuma kafin rabinsa ya fita sai an yi shekara 10 zuwa 30. Yana lalata ƙoda, yana raunana ƙashi. A yankin Toyama na Japan, mutanen da suka daɗe suna cin shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu, wanda mahaƙa ta gurɓata, sun kamu da ciwon da aka sa wa suna itai-itai, kuma gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi.

Kada a haɗa wannan da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400. Waccan daga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, kuma farat ɗaya ta yi ɓarna. Ta taki a hankali take tafiya, ta cikin abinci.

Me ake fara yi kafin a zuba kowane magani?

A bar asid ɗin ya huce ya kwanta. Wanda ya fito daga matata ko daga tukunyar dafawa cike yake da jibsam da gishirin fulosilikat da bai gama fita ba, kuma zai ci gaba da zubar da laka na kwanaki. Ana ajiye shi a tanki yana motsi a hankali, a sa maganin tara laka, a janye ta ta ƙasa. In dutsen mai yawan ruɓaɓɓen tsiro ne, asid ɗin yakan fito baƙi ko ruwan ƙasa, sai an ratsa shi ta gawayi mai tsotsa.

Wannan mataki ba shi da kwarjini, shi ya sa ake yi masa riƙon sakainar kashi. Amma yawancin abin da ake kira gazawar magani daga nan yake farawa. Laka tana shanye magani, tana toshe kyallen matata, tana lulluɓe rezin, wato ƙwayoyin da ake kama ƙarafa da su.

Yaya ake fitar da arsenik?

Da salfaid. Ana amfani da ruwan sodiyam haidrosalfaid ko sodiyam salfaid. Da ya taɓa asid sai ya koma iskar haidrojin salfaid, ita kuma ta kama arsenik ta mai da shi ƙura ruwan ɗorawa wadda ba ta narkewa ko a asid mai ƙarfi.

Ana yin aikin a rufaffen tanki mai ɗan jan iska ciki, asid yana da ɗumi kamar digiri 40 zuwa 60. Ana shigar da maganin ta bututu a ƙarƙashin ruwan, ba a kansa ba, in ba haka ba iskar za ta tsere kafin ta yi aiki. A burga kamar rabin awa zuwa awa biyu. Ƙurar da take fitowa siririya ce mai yauƙi, don haka ana zuba mata garin diyatom (wata farar ƙasa mai taimaka wa tacewa) ko gawayi domin ta taru a kan matata. Bayan an tace, sai a hura iska a cikin asid ɗin a kori ragowar haidrojin salfaid, a kama ta da ruwan kostik soda. Jerin nan ba ya juyuwa: in aka hura iska kafin a tace, wani ɓangare na arsenik ɗin zai sake narkewa, aiki ya koma baya.

A lissafin takarda, giram ɗaya na arsenik yana cin giram 1.12 na sodiyam haidrosalfaid. Tan ɗaya na asid mai miligiram 20 na arsenik a kilo ke nan giram 22 kacal na maganin. A aikace sai an ninka sau da yawa, domin jan ƙarfe yana cin rabonsa, baƙin ƙarfe mai caji uku yana ƙone wani ya mai da shi garin farar wuta, wani kuma ya tashi sama. Arsenik mai caji biyar ma yana da nawa wajen kamuwa, sai ya fara sauka zuwa mai caji uku.

Batun iskar nan ba wasa ba ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi in kaɗan ce, amma da ta kai kashi 100 cikin miliyan sai hanci ya daina ji, kuma a 500 zuwa 700 mutum faɗuwa yake yi cikin mintuna. Ta fi iska nauyi, ramuka da ƙarƙashin tankuna take kwanciya. Na'urar ƙararrawa a ƙirjin kowane ma'aikaci wajibi ce, kuma wanda ya ga abokinsa ya faɗi a rami kada ya bi shi babu tukunyar numfashi.

Me ya sa salfaid ɗin ba ya tafiya da kadmiyam gaba ɗaya?

Domin salfaid ɗin kadmiyam yana narkewa a asid mai ƙarfi, na arsenik kuwa ba ya narkewa. In ana so ya kama kadmiyam, sai dai a rage kaifin asid ɗin da ɗan amoniya tukuna, ko a yi aikin cikin matsi domin iskar ta zauna a ruwa da yawa. Rage kaifi yana da ma'ana ga mai yin DAP, tun da dama amoniya zai zuba. Haɗarinsa shi ne in an zarce, fosfat ɗin baƙin ƙarfe da na alminiyam za su fara zubowa, lakar ta yi yawa, P2O5 mai tsada ya bi ta.

To wane magani ne yake kama kadmiyam a cikin asid mai ƙarfi?

Akwai dangin sinadarai masu ɗauke da farar wuta da fosfaras, daitiyofosfat da daitiyofosfinat, 'yan uwan waɗanda ake amfani da su wajen tsamo ma'adinai da kumfa. Suna riƙe kadmiyam su fito da shi a matsayin daskararren abu mai maiƙo, a tace shi ko a kwashe shi a saman tanki. Kyawunsu shi ne ba sa bukatar a rushe masana'anta: tankin burgawa, famfon awo da matata sun isa. In komai ya daidaita, ana iya sauko da kadmiyam ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake.

Abu uku ne suke ɓata su. Na farko jan ƙarfe: maganin ya fi son sa, sai ya gama da shi kafin ya waiwayi kadmiyam, don haka a auna jan ƙarfe kafin a yanke yawan magani. Na biyu baƙin ƙarfe mai caji uku, wanda yake ƙone maganin. Akan sauko da shi da garin baƙin ƙarfe, ana duba na'urar awon ƙarfin ƙonewa. Na uku zafi da daɗewa: asid mai zafi yana wargaza maganin, kuma in aka bar abin da ya daskare yana yawo a tanki, kadmiyam zai fara komawa ruwa. A sanyaya, a zuba, a tace da wuri.

Maganin yana da tsada, kuma ana biyan kuɗinsa a kowane tan muddin masana'anta tana aiki.

An ce ana iya kama shi da jibsam ɗin kansa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma dabara ce mai kyau, domin halin da ya shigar da kadmiyam cikin dutse shi ake juyawa a kansa. Kalsiyam salfet yana da siffa uku: mai ruwa biyu, mai rabin ruwa, da marar ruwa. Mai ruwa biyu, wato jibsam ɗin da aka saba, kaɗan yake ɗauka. Mai rabin ruwa ya fi shi. Marar ruwan kuwa, da ake kira anhaidrait, ya fi su nesa ba kusa ba. Saboda haka sai a ɗauki asid ɗin da ya haura kashi 50, a zafafa shi kusan digiri 100 ko sama, a ƙara ɗan dutse da salfurik asid, anhaidrait ya tsiro yana haɗiye kadmiyam a gurbin kalsiyam, a tace shi daban. Cibiyar binciken fosfat ta Maroko ta yi aiki mai yawa a kan wannan hanya.

Ba a sayen wani magani na waje, wannan ita ce ribar. Wahalar tana ga ƙwayoyin anhaidrait, waɗanda ƙanana ne, ga asid mai kauri kamar zuma, tacewa sai da haƙuri. Dunƙulen da ya fito yana riƙe da P2O5. Zafin kuma yana cin ƙarfe: inda akwai kulorin da fulorin, ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L ba ya daɗewa, sai samfurin 904L ko wanda ya fi shi, ko tanki mai rufin roba da tubalin kabon.

Rezin da tsamewa da mai fa?

Rezin ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero da ake cika bututu da su, asid ya ratsa, su kama ƙarafa. Suna aiki a asid na kashi 28, amma ba su da tsantseni: kalsiyam da magniziyam da baƙin ƙarfe sun fi kadmiyam yawa sau ɗaruruwa, su ne suke cinye gurbin. A asid na kashi 54 kuma kauri yana hana gudu.

Tsamewa iri biyu ce. Ko dai a ciro kadmiyam da sinadarin amin da aka narka a kananzir, wanda yake bukatar kulorin a cikin asid, kulorin kuma abokin gabar bututu ne. Ko a ciro asid ɗin kansa da ruwan sinadari mai tsamewa irin MIBK ko TBP a bar datti a baya. Ta biyun ita ce ake yin asid na abinci da lemon kwalba da ita, da takin da ake narkawa a ruwan ban-ruwa. Ta fi ƙarfin aljihun kamfa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: ragowar asid ɗin da dattin ya taru a ciki, sau da yawa taki ake yi da shi. Mai sayen taki mai arha daga inda bai sani ba ya riƙe wannan.

Me zai hana a ƙone dutsen tun farko?

Ana iya yi. A digiri 850 zuwa 1,150 kadmiyam yana tashi, a kama shi a ƙurar hayaƙi. An yi haka a tsibirin Nauru. Amma ana ƙona tan guda na dutse ne don a fitar da 'yan giram, kuma ƙonannen dutse yana taurin kai wajen narkewa a asid. Mafi sauƙin abin da masana'antu suke yi a wannan mataki shi ne gauraya dutse mai kadmiyam da yawa da mai kaɗan.

Ina ake kai abin da aka ciro?

Babu hanyar da take hallaka kadmiyam, matsar da shi kawai ake yi. Dunƙulen da ya fito daga matata ya fi asid ɗin guba sau ɗaruruwa. Ana wanke shi a ƙwato P2O5, a kashe kaifinsa da farar ƙasa, a daskarar da shi da siminti, a binne a rami mai shimfiɗar roba da yumɓu da rijiyoyin duba ruwa a kewaye. Kada a zuba shi a kan tulin jibsam, domin ruwan tulin masana'anta yake komawa, kadmiyam ya dawo ta bayan gida. A Filato kuma a kiyayi tsofaffin kududdufan kuza na Bukuru da Barikin Ladi. Ga mai neman wurin zubar da shara suna kama da ramin da aka haƙa masa kyauta, alhali da ruwansu ake shayar da kabeji da karas da latas duk rani.

Ina da injin gauraya taki. Zan iya cire shi daga DAP ɗin da na saya?

A'a. Da asid ya zama ƙwaya magana ta ƙare. Ƙarfinka yana wurin saye. Ka nemi takardar awo ta ainihin kayan da aka loda maka, mai lambar rukuni, ba ta gama-gari ba. Ta nuna kadmiyam a kilon P2O5, da arsenik da dalma da zaiba. Dokar kula da ingancin taki ta 2019, wadda Ma'aikatar Noma ta Tarayya a Abuja take aiwatarwa, ta sa rajista da gaskiyar abin da aka rubuta a buhu sun zama wajibi, don haka ajiye takardun nan kariya ce gare ka. Ka duba tutiyar da kake ƙarawa ma. Wadda aka yi daga sharar masana'antu takan zo da kadmiyam da dalma fiye da na DAP ɗin.

Ni manomin dankali ne. In daina sa kamfa?

Kada ka daina, ƙarancin fosfaras zai cuce ka tun bana. Abin da ya fi tasiri shi ne halin ƙasar. Ƙasa mai tsami, irin wadda ta yawaita a tudun Jos, tana sakin kadmiyam ga saiwa. Farar ƙasa tana rage hakan. Ƙarancin tutiya yana sa shuka ta ja kadmiyam a madadinta, ruwan ban-ruwa mai gishiri ma yana ƙara ja. Iyakar da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ta sa ita ce miligiram 0.1 a kilon dankali, 0.2 a ganyaye, 0.4 a gyararriyar shinkafa.

Ɗakunan gwaji biyu sun ba ni sakamako biyu. Wa zan yarda da shi?

Ka fara da zargin samfurin. Kamfar da aka gauraya tana rarrabuwa a hanya, manyan ƙwayoyi su hau sama, ƙanana su nutse, don haka damƙi ɗaya daga bakin buhu ba ya wakiltar komai. A soka bututun ɗiba har ƙasa a buhuna da yawa, a haɗa, a niƙa, a raba. Mafi kyau a auna DAP ɗin kafin a gauraya. In asid ne, a zuba a gorar roba, domin fulorin yana cin kwalba, a kuma girgiza kafin a ɗiba saboda lakar da ta kwanta.

Sai na'ura. A ICP, na'urar da take gane ƙarafa ta layin hasken da kowanne yake fitarwa, layin kadmiyam na nanomita 228.80 yana manne da na arsenik na 228.81, samfur mai arsenik zai nuna kadmiyam fiye da gaskiya. Layukan 214.4 da 226.5 kuma baƙin ƙarfe yana shiga musu. A duba layi biyu ko uku a kwatanta. Yawan fosfat ɗin kansa yana danne sigina, don haka ma'aunin da aka haɗa da ruwa zalla zai ba da lamba ƙasa da gaskiya. Ka tambaye su ko sun ƙara sanannen adadin kadmiyam a wani ɓangare na samfurinka, da kuma kashi nawa suka gani ya dawo. Tsakanin 90 da 110 cikin 100 ake nema.